Hanyar da Tumaki Suka Daina Bi

Ulenloh, farkon Yuli

Zuwa ga Wiebke, jikar yayana Klaas,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da aikinki a Leipzig. Ni ina nan yadda tsoho yake zama. Gwiwar hagu ta kumbura tun ruwan da aka yi, hannuna kuma yana rawa, shi ya sa za ki ga rubutun yana hawa yana gangarowa. Kada ki ce in kira ki a waya. Kunnena ba ya kama murya a waya, kin sani.

Bara da kaka kika zo mini a kan kekenki mai kaurin taya, kika sha kofi, kika cinye rabin burodina. Na yi murna, ban ɓoye ba. Cikin murnar na nuna miki tsohuwar hanyar rairayi da ta bi ta gefen gidana, ta gaban rumfar amyoyin zumana, ta je ta faɗa hanyar keken doki. Ba ta cikin taswirar kowa. Na nuna miki ne don jininmu ɗaya.

Tun watan Mayu hanyar nan ta zama kasuwa. Kekuna ne safe da yamma, biyar-biyar, goma-goma, kowa da hular kwano da baƙin tabarau, suna wucewa fuuu kamar an biyo su. An hana mota shiga Haide, wannan fili namu na gajeren tsiro mai furen shunayya, tun kafin in yi furfura, muka ce mun huta. Mota dai tana da ƙara, mutum ya ji ta ya kauce. Waɗannan sai sun goge ka kake sanin sun zo.

Na tare ɗaya da sandata, wani mai gemu, da matsattsen wando kamar an zuba shi a ciki. Na ce, "Kai, wa ya nuna muku nan?"

Ya ce, "Ai ga ta a waya, baba." Ya miƙo mini. Na sa tabarau na duba. Ga jan layi ya ratsa gefen gidana, ga suna a sama: Hanyar Onkel Hinnerk. A duniyar nan mutum ɗaya ne yake kirana Onkel, wato baffa, ko da yake ni ƙanen kakansa ne.

Mai gemun ya ce, "Ka san shi, wannan Hinnerk ɗin?"

Na ce, "Na san shi. Wawa ne."

Da ƙura da hayaniya ne kawai, da na yi shiru. Amma ga abin da kika jawo. Gesche makiyayiya ta hanyar nan take biyo da garkenta kowace safiya. Makon jiya wasu suka fito daga kwana a guje suka faɗa tsakiyar tumakin. Garke ya watse, karen Gesche ya rasa wadda zai bi, tunkiya ɗaya ta karye a ƙafa, sai yanka ta aka yi. Gesche ta zo har ƙofata, ba ta ko zauna ba.

"Hinnerk, na gama da wannan gefen. Zan riƙa bi ta bayan tudu."

Na ce, "To ƙudan zumana fa?"

Ta ce, "Ka tambayi mai sunan hanyar."

Kin san abin da wannan yake nufi, ko kuwa birni ya wanke miki kai? Kafin tsiron haide ya yi fure, gizo-gizo yakan shimfiɗa saƙarsa a kansa, daga nan har inda ido ya tsaya. Tumaki ne suke ratsawa su yayyaga ta da ƙafafunsu, sannan ƙudan zuma su sami hanyar fure. In tumaki ba su bi ba, ƙudan zumana abincin gizo-gizo ne. Haka ubana ya koya mini, haka na koya wa ubanki yana ɗan guntun wando. Furen Agusta shi ne abincinsu na hunturu duka.

Ki goge layin nan. Ban san yadda ake yi ba, ke kika zana shi. Ki goge shi kafin fure.

Hinnerk

*

Leipzig, tsakiyar Yuli

Onkel Hinnerk,

Na ga wasiƙarka, na kuma yi dariya a wurin "wawa ne" har maƙwabciyata ta leƙo. Ina lafiya, aiki ne ya yi yawa. Ka riƙa ɗora gwiwar a kan matashi, ka kuma bar nas Almut ta duba ta, kada ka kore ta kamar wancan karon.

Na ji zafin abin da ya sami tunkiyar Gesche, da gaske. Laifin masu gudu ne, kuma na gyara. Na ƙara rubutu a ƙarƙashin taswirar cewa kowa ya rage gudu idan ya iso gidan mai jan rufi, ya tsaya ya gaida tsohon da ke ciki, don shi ne mai hanyar.

Bari in gaya maka dalilin da na sa ta tun farko. A wasiƙarka ta Kirsimeti ka rubuta mini cewa mako guda yakan wuce ba ka ga fuskar mutum ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Ba na iya zuwa kullum, sai na ce to bari in turo maka mutane. Masu keken nan mutanen kirki ne, Onkel, likitoci da malamai da masu gasa burodi. Ka ba su dama. Kafin kaka za ka yi abokai fiye da nawa.

Maganar saƙar gizo-gizo kuwa, anya ba ka tsananta ba? Ai iska da ruwan sama ma suna yayyaga ta. Gesche za ta huce, ka san halinta.

Na sa maka cakulan mai ɗaci a cikin ambulan. Kada ka ba karen Gesche.

Taka,
Wiebke

*

Ulenloh, ƙarshen Yuli

Wiebke,

Ina gaisuwa. Gwiwa tana nan, tari ya ƙaru. Cakulan ya iso a narke, ya ɓata rabin wasiƙar, sai dai kash, rabin da ya rage shi ne mai ban haushin.

Na ce ki goge, kika ƙara rubutu. Garin gyaran gira kin tsone ido. Da can wucewa suke yi. Yanzu tsayawa suke yi. Su jingina kekunansu a jikin rumfar amya, su cire hula su gaishe ni, "Moin, Onkel!" kamar tare muka yi makaranta. Wata ta ɗauke ni hoto ina shanya wandona na ciki. Wani ya tambaye ni ko akwai bayan gida. Na ce, "Akwai, a gidanku." Ya yi dariya ya ce wa abokinsa, "Kai, tsohon nan akwai barkwanci!" Ko zagina ba ya kama su.

Maganar Kirsimeti kuma. E, na rubuta. A watan Disamba na rubuta, ƙanƙara ta rufe hanya, garke yana cikin shinge. Wannan kukan hunturu ne, kowane tsoho yana yin sa. Da bazara ina da mutum. Gesche takan tsaya a nan kullum, in zuba mata kofi, ta tsaya ta sha tana zagin gwamnati, karenta ya kwanta a kan ƙafata. Ba ma wata doguwar hira. Amma ta san sunan matata, ta san wace amya ce mai faɗa. Ke kin ɗauke mini mutum ɗaya da ya san ni, kin turo mini ɗari da suka san sunana. Kina kuma jiran godiya.

Kin ce iska tana yayyaga saƙa. Ki zo da safe kafin raɓa ta bushe ki gani. Filin duk ya yi fari kamar an shimfiɗa masa likkafani. Jiya na tsaya a bakin hanya ina kallon nawa suna rataye a ciki, wasu suna motsi, wasu an riga an naɗe su. Fure bai ma buɗe sosai ba ke nan.

To ki saurara, don ba wasa nake ba. Kin san yadda muke yi a lokacin kaka: a ɗaga kowace amya a ji nauyinta. Wadda ta yi nauyi za ta kai bazara. Wadda ba ta yi ba, a da can sai a tona rami, a kunna farar wuta, a kifa ta a kai, don gara ta mutu lokaci ɗaya da ta mutu da yunwa a watan Fabrairu. Na daɗe da barin wannan. Amma in garke bai bi ta nan ba a bana, duk amyoyina tara ba za su yi nauyi ba, kuma ba zan zauna ina jin su suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya ba. Zan sa musu farar wuta gaba ɗaya.

Almut ta daɗe tana yi mini maganar wani ɗaki a gidan tsofaffi a Soltau. Kullum amsata ita ce, wa zai kula da amyoyin? In babu su, amsata ta ƙare. Ranar da na rufe ramin, ranar zan ce mata ta kawo takardun.

Ki goge layin nan.

Hinnerk

*

Ulenloh, farkon Agusta

Wiebke,

Gaisuwa. Ban san ko kina lafiya ba, tunda ba ki ga dama kin faɗa ba. Kullum ina jin keken mai kawo wasiƙu, in fito, ya ɗaga mini hannu ya wuce. Na gane. Tsoho ya yi faɗa, sai a bar shi ya huce, kamar yadda kika ce Gesche za ta huce. Ba ta huce ba. Daga nan ina hango garkenta can bayan tudu kamar toka.

Haide ta fara yin shunayya. Shekaranjiya na ɗauki tsintsiya na ce bari in yi aikin tumaki da kaina. Na san doka ta hana mutum taka tsiron, to su zo su kama ni. Ban yi nisa ba gwiwa ta ce ba da ita ba. Na faɗi a kan gefena, na kasa tashi. Kin san su wa suka ɗaga ni? Mutanenki. Su uku suka kinkime ni kamar buhun dankali, ɗaya yana cewa, "Sannu Onkel, sannu Onkel." Kada ki kuskura ki ce mini, ka gani, da ba don su ba. Da ba don su ba, me zai kai ni cikin tsiro da tsintsiya?

Almut ta ga tabon a haƙarƙarina. Sai ta ajiye hoton ɗakin a kan tebur. Yana da taga mai kallon wurin ajiye motoci.

Na aika an sayo mini farar wutar. Tana kan kanta, kusa da gwangwanin kofi. Ba roƙonki nake yi ba kuma. Na rubuta ne don kada wata rana ki ce ba a gaya miki ba.

H.

*

Leipzig, daren Talata

Onkel,

Ina fata haƙarƙarin da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, raina ne a ɓace, kuma da kai.

Ban yi maka shiru ba. Wurin aiki ne suka tura ni Poland, yau na dawo na tarar da wasiƙunka biyu a akwati, ɗaya a kan ɗaya. A tsaye na karanta su, jakata tana kafaɗa.

Na yi kuskure, na yarda. Amma kai ma ka ji naka. Shekara nawa kana rubuta mini labarin gwiwa da tari da farashin sukari, ba ka taɓa rubuta cewa akwai wadda take shan kofi a ƙofarka kullum ba. Ka ba ni kukan, ka ɓoye mini maganin, sannan kana mamakin na kawo wani. Kuma amyoyin nan ba naka ne kai kaɗai ba. Kakana Klaas ne ya saƙa rabinsu da hannunsa. Ba ka da ikon kifa su a rami don kana fushi da ni.

Na goge layin. Amma gaskiya ita ce, ihu ne bayan hari. Mutane sun riga sun kwafe shi zuwa nasu wayoyin, sun raba wa wasu. Abin da na saki ba ya komowa. Za su ci gaba da zuwa.

Don haka na nemo lambar Gesche na kira ta. Ta wanke ni tas, na tsaya na sha. Daga ƙarshe ta ce za ta kawo garke mako guda, bisa sharaɗi: daga fitowar rana zuwa tsakar rana kada taya ɗaya ta juya a hanyar nan. In ta ga keke ɗaya a guje, ta juya, shi ke nan.

Ba mu da ikon rufe hanya. Sai dai a tsaya a tare su da baki. Hutun da na tara don hawan duwatsun Alps na karɓe shi, ranar Asabar ina nan tafe. Zan tsare bakin da ke wajen hanyar keken doki. Mararrabar gefen gidanka kuwa tana buƙatar wanda ya iya tsawa, wanda ba ya jin kunyar kowa. Na yi ta tunani, mutum ɗaya na sani.

Ka fito da kujeru biyu. Farar wutar kuma kada ka taɓa ta.

Wiebke

*

Ulenloh, tsakiyar Satumba

Zuwa ga Wiebke,

Bayan gaisuwa, ina fata kin koma lafiya, kuma ƙunar ranar da ta kama miki wuya ta warke. Na gaya miki ki sa hula mai baki, kika ce hular kwano ta isa. Haƙarƙarina ya daina ciwo sai in na yi dariya, wato ya daina. Tari yana nan.

Kin yi mako a gidana amma ba mu yi magana ba. Da safe kina can bakin hanya, da yamma kina barci a kan tebur da cokali a hannu. To ga abin da ya faru a nawa gefen.

Ranar farko na yi zaton za su bi ta kaina. Na kafa kujera a tsakiyar hanya, na gicciya sanda a kan gwiwa. Na farko da suka zo su shida ne. Na ce, "Ku sauka! Tumaki na aiki!" Wani dogo ya ce, "Baba, da izinin wa?" Na ce, "Ka duba wayarka, hanyar wa aka rubuta?" Ya duba. Ya sauka. Wannan shi ne amfani ɗaya tak da na ci daga shirmenki, kada ki sa shi a lissafin alheri.

Wata kuma ta ce tana sauri, ana auna mata lokaci. Na ce, "Ni ma ana auna mini, 'yata, kuma nawa ya fi naki kusa. Sauka."

Ran Laraba sai ga mai gemun nan na farko. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi kujerar, ya ce, "Ashe kai ne Onkel Hinnerk ɗin."

Na ce, "Ai na gaya maka wawa ne."

Ya tura kekensa gefe ya zauna a ƙasa har garke ya wuce. Ya tambaye ni me ya sa ake shafe amya da kashin shanu. Na gaya masa. Ba don ina so ba, don kada ya mutu jahili.

Gesche ba ta yi mini magana ba sai rana ta uku. Ta tsaya, ta dubi kofin da nake zuba mata kullum tun ranar farko, ta ce, "Kofinka har yanzu kamar ruwan wanki." Ta shanye. Karen ya kwanta a ƙafata. Ina jin ƙarar ƙafafun tumaki cikin tsiro, saƙar tana tsinkewa a bayansu, filin yana komawa shunayya layi-layi. Wani abu ya shiga mini ido.

Yanzu ga hukunci. Jiya muka ɗaga amyoyi. Ni ba na iya ɗagawa, Gesche ce take ɗagawa ni ina kallon fuskarta. Garken ya zo a makare, rabin fure ya riga ya wuce, wannan kuwa a wuyanki yake. Uku ba su yi nauyi ba. Ɗaya daga ciki ta hannun Klaas ce, mai faɗan nan, ta ƙarshen layi. Ban sa musu wuta ba. Mun karkaɗe ƙudan cikin 'yan'uwansu, muka kife kwandunan wayam a rumfa. Shida za su kai bazara in Allah ya so. Tara na fara shekara da su, yarinya. Kada ki manta, don ni ba zan manta ba.

Almut ta zo da maganar ɗakinta. Na ce, "Wa zai kula da shidan?" Ta ɗauke hoton ta sa a jaka, ta ce za ta sake tambaya baɗi. To, ta tambaya ɗin. Farar wutar tana nan a kan kanta. Ban zubar ba. Na bar ta a inda za ki riƙa ganinta.

Mutanenki ba su daina zuwa ba, baɗi ma za su zo, gizo-gizo ma haka. Gesche ta ce sharaɗinta bai canza ba, kuma a tsakiyar Yuli za a fara, ba a tsakiyar Agusta ba. Hanya tana da baki biyu, ni kuwa ɗaya ne. Ki san yadda za ki yi da shugabanki, ban damu da duwatsunki ba.

Na sa miki saƙar zuma a cikin akwatin nan. Ta fi ta bara ƙanƙanta. Kin san dalili.

Abu na ƙarshe. Kujerar da kika kai can bakin hanyar keken doki, a can kika bar ta. Ta matata ce. Ruwa yana dukanta, kuma jiya aka ce an ga wani mai matsattsen wando zaune a kai yana cin ayaba. Mai gemun ya ce zai ɗauko mini, Gesche ma ta ce za ta ɗauko. Na hana su. Wanda ya kai ta shi zai dawo da ita. Kafin ƙanƙara.

Onkel Hinnerk